Ƙwarya da Buhu: Wa Ke Yanke Farashin Madara a Arewa?

Duk wanda ya saba sayen nono a bakin tasha ko ƙofar kasuwa ya san bambancin watan Agusta da na Maris ko bai duba kalanda ba. A Agusta, Bafulatana za ta sauke ƙwarya cike fal, ta ɗaga faifai ka ga kindirmo mai kauri da curin man shanu suna iyo a kai, ta auna maka ludayi biyar ta ƙara na gyara. Idan la'asar ta yi ba ta sayar ba, ita ce za ta bi ka da ciniki, don ta san gobe ya yi tsami. A Maris kuwa ƙwaryar ba ta kai rabi ba, nonon ya tsinke, man shanu sai wanda ya yi alkawari tun jiya, kuma kafin azahar ta kife ƙwarya ta kama hanyar ruga. Farashin ludayi yakan daɗe bai motsa ba, amma ludayin ne ke ƙanƙancewa, ko ruwan cikinsa ya ƙaru. Haka kasuwarmu ke bayyana tsada: ta fara taɓa ma'auni da kauri kafin ta taɓa kuɗi.

Tsallaka titi kaɗan, ga teburin mai shayi. Gwangwanayensa da ledojin madarar gari ba su san damina ba, ba su san rani ba. Abin da ke motsa farashinsu yana can nesa: canjin dala, kuɗin fito a tashar jiragen ruwa ta Legas, kuɗin dizal na tirelar da ta kawo su Kano, da gwanjon madara na duniya da ake yi sau biyu a wata, wanda kamfanin Fonterra na ƙasar New Zealand ya assasa. Kasuwanni biyu ke nan a unguwa ɗaya, ɗaya ta ƙwarya ɗaya ta buhu. Mutane da yawa suna ɗauka kowace tana cin gashin kanta. A ganina, sun daɗe da haɗewa, kuma wanda bai gane inda suka haɗu ba, ba zai gane dalilin da ya sa ƙasa mai shanu kusan miliyan 20 ke shan madarar ketare ba.

Alƙaluman da hukumomi suka fi ambata sun nuna Najeriya na samar da tan dubu 600 zuwa dubu 700 na madara a shekara, alhali buƙata ta kai wajen tan miliyan 1.6. Giɓin ana cike shi da abin da ake shigowa da shi, wanda gwamnati ta sha cewa yana cin kimanin dala biliyan 1.5 kowace shekara. Duk da haka, abin da ɗan Najeriya ke sha a shekara, in an raba, bai wuce lita 10 ba. Wato ko da madarar waje, mu masu ƙishirwar madara ne.

Dalili na farko yana jikin saniyar kanta, kuma ba laifinta ba ne. Bunaji, da Rahaji, da Bokoloji ta ƙasar Sakkwato, da Gudali ta Adamawa, da Wadara ta Barno, an zaɓe su ne tsawon ƙarnoni don su jure tafiya, da ƙishirwa, da kaska, da yunwar bazara, su kuma haihu. Abin da ake tatsa daga Bunaji a kiwon gargajiya lita ɗaya zuwa biyu ne a yini, bayan ɗan maraƙi ya sha nasa. Ba ta ma sakin nono sai ɗanta ya fara kamawa, don haka in maraƙi ya mutu, tatsa ta tsaya. Saniyar Holstein a Turai tana ba da lita 25 zuwa 30, amma tana tsaye a inuwa, ana kawo mata abinci da ruwa har gabanta, ana kiran likita da zarar ta yi tari. Kwatanta su biyun ba tare da kwatanta abin da kowace ke ci ba, zalunci ne ga tamu. Kuma madarar shanunmu ta fi mai, abin da za mu dawo kansa.

Dalili na biyu ya fi nauyi, shi ne ciyawa da ruwa. Daga Yuli zuwa Oktoba daji kore ne, shanu sun ƙoshi, yawancinsu sun haihu, nono ya wadata har ya yi yawa. Da kaka akwai sauran gona: karmami, harawa, kara. Daga Fabrairu abin ya fara ja da baya, zuwa Afrilu da Mayu saniya na cin naman jikinta ne. Dusa da angurya sun yi tsada saboda masu kiwon turke da masu kaji suna nema. A nan ne garke ke rabuwa: samari su kora mafi yawan shanu kudu ko fadamu da bakin manyan koguna, a bar 'yan ƙalilan a gida don yara. Madarar da ake tatsa a mashekari mai nisan kilomita ɗari daga gari, ko da ta yi yawa, ba ta shiga lissafin kasuwa. Madara sabuwar tatsa a zafinmu awa uku zuwa huɗu take yi ta fara juyawa, in ba a sanyaya ta ba. Wannan awa huɗun shi ne iyakar kasuwar kowace ruga, kuma shi ya sa kakanni suka zaɓi tsamar da ita: nono da man shanu da cuku dabarun tsawaita ran madara ne.

Shi ya sa babu farashin madara guda ɗaya a ƙasar nan. A tsaunin Mambila da tudun Jos, inda sanyi da ciyawa suka fi daɗewa, madara na da araha a bakin ruga, amma hanya ce ke cinye ribar. A kewayen Kano, Kaduna, Zariya da Abuja, masu saye sun yi yawa har suna rububi, lita tana da daraja ko da damina. A Oke-Ogun ta jihar Oyo, inda Fulani suka zauna tun tuni, madara tana tafiya ne wajen yin wara, wato cukunsu, kuma can ne kamfanin FrieslandCampina WAMCO, mai Peak da Three Crowns, ya kafa cibiyoyinsa na farko na tattara madara a garuruwa irin su Fasola da Iseyin. Legas da Fatakwal da Onica kuwa, inda kuɗin saye ya fi yawa, sun fi kusa da jirgin ruwan da ya taso daga Rotterdam, ta fuskar tsadar sufuri da tabbas, fiye da rugar da ke Ladduga ta jihar Kaduna.

Buƙata ita ma tana da nata lokacin, kuma abin takaici, ta saɓa da na saniya. An fi neman fura da nono da yogot mai sanyi lokacin zafi, daidai sa'ad da hantsar saniya ta bushe. Azumi ya zo ya ƙara wa abin wuta: a 2023 an fara shi a ƙarshen Maris, a 2024 wajen 11 ga Maris, a 2025 a farkon Maris. Kowane gida na son nono da buɗa-baki da sahur, kowane mai yogot na son ninka abin da yake yi, ga ruga ba ta da abin bayarwa.

Yanzu ga batun mai, wanda nake ganin shi ne zuciyar al'amarin. A gidan Fulani, shanu na maigida ne ko na wanda aka ba, amma madara ta mata ce. Da ita ake cefane, a sayi gishiri da sabulu da atamfa, a tara kayan ɗakin 'ya. Uwargida tana da lissafinta, kuma lissafi ne mai kyau. In ta kwantar da madara ta kwana, ta kaɗa da safe, za ta fitar da man shanu ta sayar daban da tsada, ta sayar da nonon da ya rage, sau da yawa haɗe da fura ta ƙara cin ribar gero. In ta bar man a ciki, kindirmo ne, kuɗinsa daban. Kilo ɗaya na man shanu yana cin madara kusan lita 20, shi ya sa yake da tsada, kuma in an soya shi yana watanni bai lalace ba, wato shi ne asusunta. To, sai kamfani ya zo ya ce ta kawo madarar ɗanya da sassafe, a biya ta kuɗin lita kawai, wani lokaci bayan mako ɗaya ko biyu, wani lokaci ma ta asusun bankin mijinta. Da damina za ta yarda, don madara ta fi ƙarfin kasuwar ƙauye, kuma ta huta da tafiyar awa uku da ƙwarya a ka. Da rani kuwa, sa'ad da gari ke biyan ninki, me zai kai ta cibiya? Sai manajan kamfani ya ce makiyaya ba sa cika alkawari. Ni ban ga saɓa alkawari a nan ba. Na ga 'yar kasuwa da ta san darajar kayanta.

Wannan ne ke karya ƙananan masana'antun madara. Injin da aka saya da bashi yana son aiki wata goma sha biyu. Da damina tankuna su cika har a mayar da mata da madararsu, wadda ba ta da inda za ta. Da rani tankin da ke ɗaukar lita dubu biyu ya samu ɗari biyu. Turawan mulkin mallaka su ma sun ci karo da matsalar nisan ruga tun a shekarun 1930 da 1940, lokacin da sashen kula da dabbobi na Vom ya shiga harkar man shanu. Dabarar da suka yi ita ce raba kirim, wato man da ke tasowa a saman madara, tun a wuraren saye, a kai shi Vom a yi bota, a bar sauran madarar a inda take. Sun gane mai ne ke iya biyan kuɗin tafiya.

Abin da uwargida ke yi da ƙwarya, shi manyan kamfanonin Turai ke yi da injuna. A Agustan 2014 Rasha ta rufe ƙofarta ga kayan madarar Tarayyar Turai. A ƙarshen Maris 2015 Tarayyar ta soke dokar da ta ƙayyade wa manomanta yawan madarar da za su tatsa, wadda ta yi shekara talatin da ɗoriya tana aiki. Madara ta yi ambaliya, farashi ya faɗi, har hukuma ta tara kusan tan dubu 380 na garin madara marar mai a rumbunanta. Sai kuma bota ta yi tashin gwauron zabi a 2017, ta sake zarce wancan a ƙarshen 2024, saboda masu ci a Turai da Amurka da Sin sun dawo suna son man madara. Kamfani ya cire kirim ya sayar wa mai kuɗi. Sauran farin ruwan ya busar, ya zuba masa man kwakwar manja da aka tace a madadin man da ya cire, ya ɗura a buhu mai kilo 25. Wannan gari ya fi garin madara cikakke araha da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma Afirka ta Yamma tana cikin manyan kasuwanninsa, Najeriya a sahun gaba.

Ƙofar da yake shigowa a buɗe take. Tsarin kuɗin fito na bai-ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, ya sa wa garin madara na manyan buhuna kashi 5 cikin ɗari kacal, a matsayin kayan sarrafawa. Kilo ɗaya na gari yana ba da madarar ruwa kusan lita 8. Ba ya buƙatar firji, ba ya tsami a hanya, ba ya ƙarewa da rani, kuma kowane buhu daidai yake da ɗan'uwansa. Mai yogot a Sabon Gari ko Tudun Wada da ya zaɓi buhu bai yi cin amana ba. Lissafi ya yi kamar yadda Bafulatana ta yi.

Kuma ga inda kasuwannin biyu suka haɗu. Da rani, mata da yawa masu tallan nono a birane suna sayen garin madara a kasuwa, su dama da ruwan ɗumi, su zuba ɗan tsohon nono a kai ya kwana, da safe su zuba a ƙwarya. A da garin 'ya'yan kuka ake sawa don nono ya yi kauri ya yi auki. Yau buhu ya karɓi wannan aiki. Na taɓa tambayar wata dattijuwa da muka daɗe muna ciniki, ta ce mini kai tsaye, shanunsu suna can kudu, in ba ta yi haka ba masu sayenta za su koma wajen wata, kuma kafin damina ta rasa su. Ban ji haushinta ba ko kaɗan, zuciyata ce ta yi nauyi. Ma'anar wannan a kasuwance ita ce farashin buhu ya zama rufin da nonon saniya ba zai iya hudawa ba. Duk yadda madara ta yi wuya a ruga, da zarar kuɗinta ya wuce na damammen gari, mai saye ya juya. Makiyayi yana ɗaukar asarar arahar damina gaba ɗaya, amma ba ya cin ribar tsadar rani gaba ɗaya. Da wane kuɗi zai sayi dusar da za ta sa saniyarsa ta ba da nono a watan Afrilu?

Gwamnati ta gwada taɓa rufin nan ta hanyar dala. A Yulin 2019 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya bayyana niyyar hana masu shigo da madara canjin gwamnati. A Fabrairun 2020 aka taƙaita damar ga kamfanoni shida da suka yi alkawarin zuba jari a kiwon cikin gida: FrieslandCampina WAMCO, Chi, TG Arla, Promasidor, Nestlé da Integrated Dairies ta Vom. An ga wasu ayyuka. An farfaɗo da wani ɓangare na makiyayar Bobi a jihar Neja, an kafa cibiyar tattarawa a Paikon Kore kusa da Gwagwalada, Arla mai Dano ta buɗe gona a Damau ta ƙaramar hukumar Kubau a 2023 da karsanu 216 da aka ɗauko daga Denmark. A Maris 2024 Babban Banki ya ɗage takunkumin. Amma kafin nan wani abu mafi ƙarfi ya faru: bayan sakin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Gwangwani da leda suka ninka kuɗi, masu shayi suka rage cokali, iyaye suka koma ƙananan ledoji. Karyewar naira ta ba madarar gida kariyar da babu wata doka da ta taɓa ba ta. Masu yogot suka fara bin rugage. Sai dai saniya ba inji ba ce da za a ƙara wa wuta: cikinta wata tara ne, karsana tana kai shekara uku zuwa huɗu kafin haihuwar fari a kiwonmu, kuma cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ninka kuɗin babur ɗin da ke ɗauko madarar da na janaretan da ke sanyaya ta.

Kuma akwai abin da ya fi dala ciwo. Dazukan Zamfara, Katsina, Birnin Gwari da arewacin Neja, waɗanda a da su ne rumbun nonon manyan biranen Arewa maso Yamma, satar shanu da garkuwa da mutane sun watsa su. Iyalai da yawa sun rasa garkensu dungurungum, wasu sun ƙaura zuwa Ghana, Kamaru ko Afirka ta Tsakiya. Matar da a da take ratsa daji ita kaɗai da ƙwarya, yau tana tsoron hanya, wani lokaci tana tsoron kasuwar ma saboda kallon da ake yi wa duk Bafulatani. Makiyayu 415 da aka keɓe, yawancinsu ƙarƙashin dokar 1965 ta tsohuwar Jihar Arewa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a doka, kuma gonaki da gine-gine sun cinye da yawa. Duk wani shirin madara da bai fara da zaman lafiyar ruga ba, a takarda zai tsaya.

Nijar ma, da Azawak ɗinta da ta fi yawancin shanunmu nono da tasharta ta kiwo ta Tukunus, ba ta tsira daga buhu ba: masana'antun Yamai irin su Solani da Niger-Lait sun dogara sosai da gari, ko da yake cibiyoyin tattarawa na Hamdallaye da Kollo sun nuna ana iya kawo madarar ruga cikin birni in an tsara.

Wasu suna cewa a yi kamar Gabashin Afirka, inda kuɗin fiton garin madara ya kai kashi 60 cikin ɗari, kuma Kenya ke shan madarar shanunta. Ina fahimtarsu, kuma ina ganin kashi 5 ya yi kaɗan. Amma in aka ɗaga shi dare ɗaya, wanda zai fara ɗanɗana kuɗarsa shi ne yaron talaka da ledar naira kaɗan ce kaɗai madarar da yake gani. A ɗaga a hankali, a kuma ɗaure kuɗin da aka tara ga abin da zai daidaita rani da damina: noman ciyawa da adana ta, rijiyoyi da madatsun ruwa a makiyayu, rigakafin ciwon huhu da maganin sammore, tankunan sanyaya masu aiki da hasken rana a nisan da babur zai kai cikin awa ɗaya. Barbarar Bunaji da shanun waje, wadda cibiyar NAPRI ta Shika ta daɗe tana bincike a kanta, tana da amfani ga wanda ya tanadi abinci. Ga wanda bai tanada ba, nauyi ce kawai.

Abin da ya fi burge ni a tarihin Indiya, wadda ta fara shirinta na madara a 1970 ƙarƙashin Verghese Kurien bisa tsarin ƙungiyar Amul ta garin Anand, shi ne yadda ake biyan mai kawowa. Ana auna man da ke cikin madarar kowace mace a gabanta, a biya ta gwargwadonsa, cikin gaggawa, a hannunta. Kuma rarar lokacin yalwa ana busar da ita a mayar da ita gari da bota, a fito da su lokacin ƙaranci. Da cibiyoyinmu za su biya kuɗin mai, da madarar Bunaji ta samu haƙƙinta, da uwargida ba ta ji an ƙwace mata curinta ba. Ƙungiyoyi irin su Milcopal a Kaduna da kamfanoni irin su L&Z a Kano sun daɗe suna aiki kai tsaye da matan ruga, kuma ma'aikatar kula da kiwo da aka ƙirƙira a Yulin 2024 za ta fi ƙaruwa da sauraron abin da suka koya, da abin da matan ke faɗa, fiye da zana sababbin manyan gonaki.

Akwai kuma gyara ɗaya da ba ya cin ko sisi: rubutu a jikin kaya. Garin da aka cire wa mai aka sa na manja, a rubuta haka da manyan baƙaƙe, da Hausa ma, musamman don uwar da ke dama wa jariri. Yogot ɗin da aka yi da madarar ruga shi ma ya samu alamarsa, don wanda ke son biyan ƙari ya san abin da yake biya. Lokaci kuwa ba ya jira. Azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, na 2030 zai kama a farkon Janairu, wato har zuwa lokacin, watan da aka fi neman nono zai ci gaba da faɗowa bayan ciyawa ta bushe, shanu sun yi kudu.